Gwanin da Ke Nemo wa Sauti Tsakiya

Akwai ɗan lokacin da na fi so a gaban teburin mai haɗa kayan sauti. Shi ne sa'ad da ya gama liƙa dalma ta ƙarshe, ya mayar da ayan mazauninsa, hayaƙi bai gama washewa ba. Mai kallo zai zaci yanzu zai soka hedifon ya ji abin da ya haɗa. Sai ka ga ya jawo mita. Ya ɗora baƙin tsinke a gindin jak, ja a bakinsa, ya kunna wuta, ya ƙura wa lambobi ido. Idan sifili ya gani, ko 'yan milibolt da ba su taka kara sun karya ba, sai kafaɗarsa ta sauka. Idan kuwa bolt biyu da rabi suka fito, zai kashe wuta ya koma kan fanel, hedifon na rataye a ƙusa ko taɓa shi bai yi ba.

Abin da yake dubawa a wannan daƙiƙar shi ne ƙashin bayan sana'ar da nake son yabawa: iya zaɓen da'irar amfilifayar hedifon alhali wutar da ke hannu mai layi ɗaya ce, fulos da mainos kawai, irin ta batir ko ta USB. A ido ƙaramin aiki ne. Fanel ɗin bai cika tafin hannu ba, kayan da ke kansa kuma za su shige kwalin ashana. Amma na daɗe da lura cewa a nan ake rarrabe wanda ya fahimci lantarki da wanda ya haddace zane.

Lilo a jikin katanga

Cikin kowane kunnen hedifon akwai tantani mai laushi, an manna masa naɗin waya siririya kamar gashi, an zaunar da naɗin a tsakiyar maganaɗisu. Wuta ta bi ta wannan fuska, tantani ya turo gaba. Ta juya, ya koma baya. Wannan kai-komo, daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, shi ne duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, tun daga rugugin ganga har zuwa kukan sarewa. Ashe sauti lilo ne. Yana da wurin hutawa a tsakiya, yana zuwa gaba, yana dawowa baya.

Manyan na'urorin situdiyo ba ruwansu da wannan damuwa. Taransifomarsu na ba su wayoyi uku: bolt 15 sama da sifili, sifilin kansa, da bolt 15 ƙasa da shi. A tsakiyar fili aka ɗaura lilonsu. Batir kuwa kai biyu gare shi. Na waya bolt 3.7 ne, USB bolt 5, ɗan batir mai kusurwa huɗu bolt 9, na mota da na sola bolt 12, kuma a dukkansu babu komai ƙasa da sifili. Tamkar an ɗaura lilo a jikin katanga ne: ya tafi gaba lafiya, in ya dawo ya yi karo. Rabin kowace kaɗawa ya yanke, abin da ke isa kunne sai gwaranci.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu wannan sana'a sun samo dabarun da za su sa ya ɗauka. Tun da kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman a watan Yulin 1979, 'yar na'urar kaset mai aiki da ƙananan batura biyu, bolt 3 gaba ɗaya, matsalar ta shiga aljihun jama'a. Har yau tana nan cikin kowace waya mai ramin jak, da ƙaramar rediyo, da kwamfutar tafi-da-gidanka.

Tambaya kafin dalma

Ka je wa gwani da buƙatar amfilifaya, ba zai fara da sunan aisi, wato ƙwayar da ke ninka sautin, ba. Zai tambaye ka wane hedifon ne, wace wuta ce, kuma da me za a jona shi. Duk hukuncin da zai yanke daga amsoshin nan zai fito.

Hedifon suna suka tara. Iyafis ɗin da ke zuwa da waya galibi om 16 ne zuwa 32. Sony MDR-7506, wanda ya cika situdiyoyin rediyo da na fim tun 1991, om 63 ne. Sennheiser HD 600 na Jamus om 300 ne, wasu na Beyerdynamic kuma har 600. Lambar om tana gaya maka faɗin ƙofar da wuta za ta bi. Mai ƙaramar lamba ƙofarsa a wangale take, kwarara yake so, kamar tiyo mai faɗin baki da ke shanye tanki. Mai babbar lamba ƙofarsa matsattsiya ce, matsi yake so, bolt masu yawa, kafin wani abin kirki ya wuce.

Ga lissafin da gwani ke yi a bayan rasit, ko ma da ka. Ɗauki bolt 5. Aisin da ya fi kowanne ƙoƙari iyakarsa ya hau bolt 2.5 ya sauka 2.5, wanda a ma'aunin matsakaicin ƙarfi ya kama bolt 1.77. A kan om 32 wannan ya ba da kusan miliwat 98, ƙarfin da ya wuce buƙatar iyafis nesa ba kusa ba, da sharaɗin aisin zai iya zubo miliamf 78 a ƙololuwar kaɗawa. A kan om 300 kuwa miliamf 8 sun isa, sai dai ƙarfin wajen miliwat 10 ne kawai, kuma babu yadda za a ƙara shi sai an ƙara bolt.

Daga nan yake tace aisi. Waɗannan 'yan ƙwayoyin da ake kira ofam kowanne da halinsa. TL072 mai tsabtar murya ne, amma ba a yi shi don ɗaukar kaya mai nauyin om 32 ba. NE5532 ya yi suna a miksa da kayan situdiyo, sai dai yana son fili: ba ya isa gefen sama ko na ƙasa, yana barin fiye da bolt ɗaya a kowane ɓangare, don haka a bolt 5 kusan ba abin da ya rage masa, a bolt 12 kuwa sai ya miƙe ƙafa. LM358 ga arha ga yarda da layi ɗaya, amma yana tuntuɓe daidai inda tiransistansa na sama ke miƙa wa na ƙasa aiki, kuma kunne na jin tuntuɓen. NJM4556 na iya zubo miliamf 70, abokin tafiya ne a bolt 9 ko 12. TS922 da AD8532 don ƙaramar wuta aka yi su, suna kaiwa har dab da gefunan biyu.

Mai gadi a bakin ƙofa

Dabara mafi tsufa ita ce a kwance lilon daga jikin katanga a ɗaura shi a rabin hanya. Rizista biyu masu ƙima ɗaya, a jere tsakanin fulos da mainos, sun raba wutar biyu; a mahaɗarsu akwai bolt 2.5 idan wutar 5 ce. Sai a nuna wa aisin cewa nan ne wurin hutawarsa. Yanzu yana da filin hawa da na sauka.

An gyara nan, an ɓata can. Bakin aisin yanzu a bolt 2.5 yake zaune ko da ba a saki waƙa ba. Ka jona hedifon mai om 32 kai tsaye, miliamf 78 za su yi ta ratsa naɗin nan mai kaurin gashi babu ƙaƙƙautawa, kusan miliwat 200 na zafi zalla, alhali sauraro na yau da kullum da ƙyar yake cin miliwat ɗaya. Tantani zai karkace gefe guda, naɗi ya ɗau zafi, wani ma ya ƙone. Wannan ce lambar da gwani ke tsoron gani a mita.

Maganinta kafasita ne a bakin fita, wanda masu gyara ke kira kwandensa. Mai gadi ne. Wutar da ke tsaye waje ɗaya, wato disi, ba ya barinta ta wuce. Mai kai-komo kuwa ya buɗe mata. Sai dai mai gadin na da zaɓe: mai saurin kai-komo yake so, mai nauyin tafiya, wato bes, yakan tsare shi. Akwai ɗan lissafin da ya kamata ya zauna a bakin kowane almajirin sana'ar. Ka ninka om na hedifon da maikurofarad na kafasita, ka raba 160,000 da abin da ka samu. Amsar ita ce wurin da rabin ƙarfin bes ya riga ya zube. Om 32 da maikurofarad 220 sun ba da haz 23, lafiya lau. Om 16 da maikurofarad 100 sun ba da haz 100, alhali tsirkiya mafi kauri a gitar bes a haz 41 take kaɗawa. Mai sauraro zai ce waƙar ta rame, bai san ƙaramin kwandensa ne ya cinye ta ba. Shi ya sa gwani ke sa 470 ga irin wannan iyafis. Wancan na 100 ɗin kuma, in aka haɗa shi da hedifon mai om 300, sai lambar ta sauka haz 5, ya wadatar har ya yi yawa.

Sauran sirrin ƙanana ne, amma da su ake gane hannun gwani. Ƙafar fulos ta kafasita aisi take kallo. Bayan kafasita a sa rizista ɗaya zuwa ƙasa, wato layin mainos, don kafasitan ya cika da kansa tun kafin a soka jak, kada ya cika ta cikin kunnen mutum da ƙarar "ɗum". Rizistan da ke saita yawan ninkin murya ba a kai shi ƙasa sai ta cikin nasa kafasitan, in ba haka ba aisin zai ninka har da bolt 2.5 ɗin, bakinsa ya manne a sama, shiru kake ji. Mahaɗar rizista biyun nan kuma dole a kwantar da ita da kafasita, domin duk dattin da ke kan layin wuta rabinsa a nan yake sauka, daga nan kuma sai cikin waƙa.

A kan wannan hanya aka gina LM386 na National Semiconductor, wanda ke cikin ƙananan rediyo ba adadi, yana nemo rabin wuta da kansa daga bolt 4 zuwa 12. Haka TDA2822M mai tashi tun daga bolt 1.8, da TDA1308 na Philips da aka yi musamman don hedifon. LM386 gwarzo ne a kan ƙaramar lasifika, amma ninkinsa mafi ƙanƙanta sau 20 ne, kuma a iyafis mai saurin ji za ka ji "shuu" ɗinsa tun waƙa ba ta fara ba.

Ƙasar aro

Dabara ta biyu ta fi ƙarfin hali. Tunda an samo rabin wuta, me zai hana a kira shi ƙasa, a ɗaura komai a kansa, har da gindin jak? Daga wannan mazauni, fulos na batirin bolt 9 ya zama 4.5 a sama, mainos ya zama 4.5 a ƙasa. Bakin aisi da gindin jak suna hawa ɗaya, babu disi tsakaninsu, babu buƙatar mai gadi, bes ya wuce ba shamaki.

Da'irar da ta fi shahara a wannan gida ita ce CMoy, wadda wani mai sha'awar sauti, Chu Moy, ya wallafa a ƙarshen shekarun 1990. Batirin bolt 9, ofam irin su OPA2134, rizista biyu na om 4,700 da kafasita biyu na maikurofarad 220 don raba wuta, sai ninki sau 11. Mutane a ƙasashe da dama sun haɗa ta cikin gwangwanin alewar Altoids, kuma da yawa a kanta suka koyi riƙon ayan. Kyawunta sauƙinta. Rauninta kuwa rizistocin nan biyu, waɗanda ba su ɗauke da ko miliamf ɗaya cikakke. Kaya ya ɗan rinjaya gefe guda, sai tsakiyar ta goce, ɓangare ɗaya ya ƙuntata. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: da sabon batir komai daidai, in ya sauko wajen bolt 7 sai murya ta fara fashewa a wuraren ƙarfi. Don haka ƙwararru ke maye gurbinsu da TLE2426 na Texas Instruments, ɗan abu mai ƙafa uku da ke riƙe tsakiya cif-cif har zuwa miliamf 20, ko su ba wani ofam mai ƙarfi aikin riƙon.

Babban tarkon dai yana gaba, kuma a kan idona ya kama wani yaron shago. Ya haɗa irin wannan da'ira, ya gwada ta da batir da wayarsa, sauti tas ba ƙura. Washegari ya ce bari ya huta da sayen batir. Ya jawo wuta daga batirin sola mai bolt 12, wanda shi ne kuma ke ba 'yar miksar shagon wuta, ya jona wayar sauti daga miksar. Abin da ya fito ba ya sauraruwa. Ya sauya aisi, ya sake dalma, ya busa fanel, duk a banza.

"Maigida, jiya fa lafiya lau yake yi."

Maigidan bai karɓi fanel ɗin ba. Mita ya miƙa masa, ya ce ya zare wayar miksa ya auna tsakanin gindin jak da mainos na batir. Bolt 6. Ya ce ya mayar da wayar ya sake aunawa. Sifili.

"To ka gani, ɗana. Ƙasar da ka aro, mai ita ya zo."

Gindin jak na miksa a mainos na batir yake, ƙasar gaske. Wayar sauti ta ɗaure ƙasar aro da ita, rabin wuta na ƙasa ya mutu, lilo ya koma jikin katanga. Dokar ke nan: ƙasar aro na zaman lafiya muddin wutarta ta kanta ce, ba ta tarayya da na'urar da ke aiko mata da sauti. Wasu aisi, irin su LM4911, sun cusa wannan tunani cikin ƙwaya ɗaya, inda amfilifaya ta uku ke riƙe gindin jak a rabin wuta. Ga hedifon ba laifi. Ranar da aka ja waya daga ramin zuwa wata na'urar da suke ƙasa ɗaya da ita, rigimar ɗazu za ta dawo.

Gora a cikin rijiya

Dabara ta uku ita ta fi burge ni, domin ta ƙi yarda cewa babu komai ƙasa da sifili. In babu, a haƙa.

Ka ɗauki gora mai kamu biyar ka tsayar a ƙasa, kanta na kamu biyar sama. Ka zura ta cikin rijiya ka riƙe kanta daidai da bakin rijiyar, yanzu gindinta na kamu biyar ƙasa. Gorar tana nan yadda take, wurin riƙo ne ya sauya. Haka famfon caji yake aiki. A cika ɗan kafasita da bolt 5 tsakanin fulos da ƙasa. A zare shi, a ɗaura kansa na fulos a ƙasa, sai ɗaya kan ya faɗa bolt 5 ƙasa da sifili. A juye abin da ke cikinsa a wani kafasitan ajiya. A koma a sake. Makunnan tiransista ne ke wannan juyi sau dubbai a daƙiƙa. Daga batir ɗaya an sami layin wuta na biyu na gaske. Sifili ya zauna a matsayinsa, gindin jak na kan ƙasar gaske, ba mai gadi, ba aro. Filin lilo kuma ya ninka biyu, wanda a kan hedifon mai om 300 yana iya zama ƙarfi ninki huɗu.

A farkon shekarun 2000 kamfanin Maxim ya haɗa famfon da amfilifayar cikin ƙwaya ɗaya, ya raɗa wa tsarin suna DirectDrive. MAX4410 na ba da miliwat 80 a kowane kunne mai om 16 daga wutar da ba ta wuce bolt 3.6 ba. Texas Instruments na da nasa, DirectPath, irin su TPA6132A2. Manyan kafasitoci biyu na bakin fita, waɗanda sukan fi aisin kansa girma, sun tafi, ƙanana na maikurofarad 1 ko 2 sun maye gurbinsu. Wannan na cikin abin da ya ba masu ƙera ƙananan na'urori damar sirantar da su ba tare da bes ya rame ba.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Famfo na da ƙara. Tsohon ICL7660, wanda ake samu cikin sauƙi, agogon cikinsa na bugawa ne wajen sau 10,000 a daƙiƙa, cikin iyakar abin da kunne ke ji, kuma in ba a kula ba sai ka ji siririn fito a bayan waƙa. Ga shi wutarsa na zubewa da zarar an ja miliamf masu yawa. Waɗanda aka yi don sauti suna juyi sau dubu ɗaruruwa, can sama da kunne, amma suna son kafasita dab da ƙafarsu da gajerun layuka a fanel. Da yawansu kuma ba su fi ƙwayar dawa ba, ƙafafunsu a ƙarƙashi. Liƙa su sai mai hannun gyaran waya, da injin iska mai zafi da gilashin ƙara gani.

Abin da zane ba ya faɗa

Akwai ilimin da ba a samu sai a hannun wanda ya sha ƙona yatsa. 'Yan fanel ɗin PAM8403 masu arha, da ke ba lasifika biyu wat 3 kowace daga USB, sukan ja hankalin sabon shiga. Ga lasifika sun yi. Amma a wurinsu kowace lasifika wayoyi biyu ne masu rai, kamar masu lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, babu wadda take ƙasa. Hedifon kuwa waya uku gare shi: hagu, dama, da gindi ɗaya da suke tarayya a kai. Ka haɗa mainos biyun nan a gindi ɗaya, ka gwara kan amfilifaya biyu ke nan.

Sai yawan ninki, wanda sabon shiga ke ɗauka alheri ne. A bolt 5, ninki 11 na nufin da zarar sautin da ke shigowa ya kai bolt 0.16 an taɓa silin, alhali waya ko kwamfuta na iya aiko da kusan bolt 1. Saura duk fashewa ne, ga "shuu" da aka ninka a banza, ga maɓallin murya da ba shi da amfani sai a farkon zagayensa, inda hagu da dama ba su cika daidaita ba. Ninki 2 ko 3 ya ishi yawancin iyafis. Rizistan bakin fita ma da awonsa. Kaɗan daga ciki na kare aisi sa'ad da jak ke shiga yana gogar ƙafafu, yana kuma hana shi rawar banza saboda doguwar waya. In ya yi yawa sai ya sauya ɗanɗanon sautin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, wato om 4 ga mai 32.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. Gunjin da ke tashi in an jona caja, da tsuwwar inbata, da "dit-dit-dit" ɗin da lasifika ke yi kafin kira ya shigo, wanda bugun haz 217 ne na layin GSM, kowanne gwani ya san ƙofar da yake bi. A wuta mai layi ɗaya, mahaɗar rabin wuta yake fara dubawa, sannan ɗan kafasitan da ya kamata ya zauna manne da ƙafar aisi, sannan tsawon wayoyin shiga.

Hukunci

Abin da ke ƙara ba ni sha'awa shi ne gwani ba shi da da'irar da ya aura. In batirin bolt 9 ne shi kaɗai cikin gwangwani, waya ke aiko sauti, zai aro ƙasa hankalinsa kwance. In wutar ta USB ce, ko batirin sola da wasu na'urori ke sha tare, ƙasar aro ta fita lissafi. Ko ya sa mai gadi daidai girman ƙofa, ko ya zura gora a rijiya. In bolt 12 ne da hedifon mai om 250 ko 300, kafasitan bakin fita ya fi komai sauƙi, domin a nan ƙarami ma ya isa, bolt kuma sun wadata. In batirin waya ne da iyafis mai om 16, wuri ya ƙure kuma ana son bes, famfon caji ne. In kuwa abin da kasuwa ta ba shi ke nan, TDA2822 da kwandensa biyu, zai haɗa su yadda za su ba da iyakar abin da ke cikinsu, ya gaya wa mai kaya gaskiyar abin da zai samu. Kowace hanya da bashinta, kuma sana'ar ita ce sanin wanne ne wannan aikin zai iya biya.

Akwai kuma amana. Abin da ke ƙarshen wayar kunnen mutum ne, kuma ƙwayoyin ji da ke cikinsa in sun mutu ba sa dawowa. Iyafis da yawa na kai desibel 100 da miliwat ɗaya tak, wanda ke nufin miliwat 98 ɗin ɗazu za su kusa kai shi 120. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar a 2019 ya tsayar wa babban mutum desibel 80 na awa 40 a mako. Sa'ad da gwani ya rage ninki, ko ya daure ya kashe "ɗum" ɗin kunnawa, kunnen wani bawan Allah yake karewa wanda wataƙila ba za su taɓa haɗuwa ba.

Mu koma teburin. Mita ta nuna milibolt 3. Har yanzu bai sauko da hedifon mai tsada ba. Akwai wani tsohon iyafis mai kunne ɗaya a aljihun tebur, aikinsa ke nan, shi ke shiga gaba. Ya kashe ya kunna sau uku yana sauraron "ɗum". Babu. Ya murɗa murya zuwa ƙarshe ba tare da waƙa ba, ya lumshe ido yana neman "shuu" ko fito. Ya jona caja, ya zare. Ya ɗora yatsa a bayan aisi ya ji ko da ɗumi. Sai a sannan ya sauko da hedifon daga ƙusa, ya mayar da murya ƙasa, ya miƙa wa yaron ya ce ya saka.

Yaron ya saka, aka saki kiɗa. Bugun ganga na farko ya sauka da nauyinsa, har ya ɗan ɗaga gira. Batir ɗaya ne a kan teburin, mai kai biyu kamar kowane batir, amma tantanin nan na zuwa gaba yana dawowa baya a filinsa, ba ya taɓa katanga.